Kaka uku a kan bishiya: mazaunin da na zaɓa don farautar baka a Ohio

A nan jihar Ohio ta Amurka, lokacin farautar barewa da kwari da baka yana farawa ne a ƙarshen Satumba ya kai farkon Fabrairu. Barewar ƙasar nan, mai farin wutsiya, hancinta ya fi idonta aiki, kuma baka ba bindiga ba ce: sai dabba ta matso kamar mita 20 kafin mutum ya saki kibiya da kwanciyar rai. Shi ya sa yawancin maharban nan ba sa bin sawu a ƙasa yadda muka san mafarautan gida suna yi. Bishiya suke hawa, su kafa ɗan mazauni na ƙarfe, su zauna shiru har barewa ta biyo hanyarta. Kaka uku ke nan ina wannan zama, na yi amfani da mazauni iri biyu nawa na kaina, na kuma gwada na uku na wani abokina.

Abu na farko da ya rage mini zaɓi doka ce. Ba ni da gona, a dajin gwamnati nake farauta, galibi can kudu maso gabas wajen dajin Wayne, inda ƙasar duk tudu da kwari ce. A filayen farauta na gwamnati an hana kafa mazauni na dindindin, an hana buga ƙusa ko murɗa wani ƙarfe a jikin bishiya. Saboda haka duk abin da zan hau da shi sai na goya shi a baya na shiga da shi, kuma sai ya zama mai ɗaurewa da igiya ko maɗauri. Mazauni mai dogon tsani, wanda masu gonaki ke kafawa su bari shekara guda, tun nan ya fita daga lissafina.

Na fara da wanda ke hawa da kansa. Gida biyu ne: na sama wurin zama, na ƙasa wurin taka ƙafa, kowanne da kebul da ke zagaye bishiya da haƙora masu kama ɓawo. Ka ɗaga na sama, ka jingina nauyinka a kai, ka jawo na ƙasa da ƙafafu, haka haka har ka kai inda kake so. Nauyinsa kusan kilo 9. Gaskiya, wajen daɗin zama ban ga kamarsa ba. Na taɓa zama a kansa tun asuba har azahar ba tare da bayana ya yi tsami ba, kuma a farkon Nuwamba, lokacin da mazan barewa ke yawon neman mata ba dare ba rana, dogon zama shi ne rabin farautar.

Amma wannan mazauni shi ke zaɓa maka bishiya. Yana son miƙaƙƙiya, marar reshe tun daga ƙasa har sama, kaurinta tsakanin inci 8 zuwa 20. Sau nawa na sami mahaɗar hanyoyin barewa, ga sawu ɗanye, ga 'ya'yan itacen oak sun zuba suna ci, amma bishiyoyin wurin duk masu rassa ne ko karkatattu. Sai na koma mita 50 can gefe, inda baka ba ta da amfani. Ga kuma bishiyar hikori mai ɓawo yana ɓarewa falle-falle, wadda hawanta da wannan abu ƙara ce kawai kamar ana sassaƙa. Akwai wani abin da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba: bishiya tana sirancewa in ana hawa, don haka tun a ƙasa sai ka ɗaura wurin taka ƙafar bakinsa ya ɗan ɗago sama, in ka kai can ya daidaita. In ka kuskure lissafin, to a karkace za ka wuni, domin gyara kebul a sama ganganci ne. Ƙarfen da ke zagaye gabanka ma, mai ba ka natsuwa, yana iya taɓa ƙasan baka in ka yi harbi a zaune.

Wata asuba a kakata ta farko, ina kusan ƙafa 15 daga ƙasa, gidan ƙasa ya suɓuce daga ƙafafuna ya zame ƙasa. Akwai ɗan maɗaurin da ke haɗa gidajen biyu don irin wannan, ni kuwa ban ɗaura shi ba saboda gaggawa da duhu. Na tsinci kaina rataye a gidan sama, ƙafafu a iska. Abin da ya cece ni, bayan ikon Allah, ɗamarar tsaro ce da igiyarta da ke ɗaure a bishiya sama da kaina. Sai da abokin tafiyata ya zo ya taimaka na sauka.

Tun ranar na sauya yadda nake ba mutane shawara. Duk wanda ya tambaye ni wane mazauni zai saya, ina ce masa ya fara da ɗamara. Wadda ke kama kafaɗu da ƙirji da cinyoyi gaba ɗaya, ba bel ɗin ƙugu irin na da ba, wanda kan iya juya mutum kai ƙasa ko ya matse masa numfashi. Tawa ta kamfanin Hunter Safety System ce, mai kama da falmaran, ina sa ta tun a mota don kada in tsaya warware maɗaurai a duhu. Mai saye ya duba kuma ko akwai ɗan maɗaurin nan da ake taka ƙafa a ciki idan an faɗi an rataye, domin dogon rataye yana tare jini a ƙafafu, kuma shi kansa yana kisa. Yawancin faɗuwa ba a zaune take faruwa ba. Wajen hawa ne, da sauka, da lokacin tsallakawa daga matakala zuwa mazauni. Ma'ana, wanda bai ɗaure kansa ba sai ya kai sama, ya bar wurin da haɗarin yake a buɗe.

A kaka ta biyu na koma mazaunin ratayawa, wanda ake ɗaurewa a jikin bishiya, da sandunan hawa guda huɗu, kuma a nan na tsaya. Mazaunin na alminiyam ne, kilo 5 ko ƙasa da haka kaɗan, kowane sanda kuma kusan kilo guda, da matakai a jikinsa. In ka haɗa nauyin, bai fi na farkon sauƙi da yawa ba, amma yana kwanciya a baya lafiya, ba ya sarƙewa a ƙaya. Babban abin shi ne yanzu ni ke zaɓar bishiya. Mai rassa, mai ɗan karkata, mai kai biyu, duk ina hawa, kuma rassan nan su ne ke ɓoye ni bayan ganye ya zube.

Hawan kansa da igiyar ƙugu ake yi, irin wadda ma'aikatan wutar lantarki ke zagaya turke da ita su jingina baya hannuwansu biyu suna aiki. Ka ɗaura sanda na farko, ka taka shi da ƙarfi ya zauna, ka hau, ka ɗaga igiyar, ka ɗaura na biyu. In ka iso reshe, sai ka ɗaura igiya ta biyu a samansa kafin ka kwance ta farko. Tsawon igiyar ana daidaita shi da ƙullin Prusik, wanda wani mahayin duwatsu ɗan Ostiriya, Karl Prusik, ya fito da shi a 1931: yana zamewa in ka tura shi da hannu, yana cijewa in nauyi ya faɗa masa. Da sanduna huɗu ina kai ƙafa 16 zuwa 18, kuma ya ishe ni. Masu son ƙafa 25 su sani, iya tsayinka iya tsinin kusurwar harbi, kuma samun huhu biyu da kibiya ɗaya sai ya ƙara wuya. Sanda na ƙarshe ina ɗaura shi ya ɗan wuce mazaunin, don in sauko kan mazaunin da ƙafa maimakon in yi ta ɗafe-ɗafe. Baka kuwa tana ƙasa ɗaure da siririyar igiya, kibau a cikin kwari, sai na zauna na ɗaure sannan in jawo ta.

Wannan tsari yana da nasa wahala. Kujerar ƙarama ce, bayan awa huɗu jiki yana faɗa maka. Kafawa tana cin lokaci. Da farko rabin awa nake yi, yanzu kamar minti 12, bayan na yi ta gwaji a bishiyar bayan gida, da rana tukuna sannan da dare da tocilan ɗin goshi. Ƙarfe da ƙarfe kuma in suka haɗu a sanyin asuba, ƙarar tana tafiya nesa, don haka na naɗe duk bakin maɗauran da tef na yadi. In za a yi lissafin kuɗi, mazauni mai kyau da sanduna huɗu masu sauƙin nauyi sukan fi mai hawa da kansa tsada.

Na ukun, wanda suke kira sirdi, wani ɗan wando ne mai ƙarfi da mutum ke ratayuwa a ciki yana fuskantar bishiya, ƙafafu a kan ɗan ƙaramin faranti. Ba shi da nauyi, kuma a ɗaure kake tun daga ƙasa. Kwana biyu na gwada, ƙuguna bai karɓa ba. Matasa masu tafiyar nesa suna yabonsa, kuma na ga dalili.

Ranar da na sami barewata ta farko da baka, na yi sallar asuba a gindin wata bishiya mai kai uku wadda tsohon mazaunina ba zai taɓa hawa ba. Wajen ƙarfe takwas da rabi barewar ta fito ta bayana, iska na kaɗawa daga wajenta zuwa gare ni. Na miƙe a hankali, na lanƙwasa daga ƙugu, na yi bisimilla na saki tsirkiya. Ba ta yi mita 60 ba ta faɗi. Naman ya kai gida huɗu.

Mai hawa da kansan ban sayar ba, ina ajiye da shi don wani kwari guda mai dogayen bishiyoyi miƙaƙƙu inda nakan wuni. Maɗauran sandunan kuwa biyu sun fara kodewa, zarensu ya ɗan tashi, don haka na yi odar sababbi, zan sauya su duka huɗu kafin Satumba.