Kainuwa ko bado: wanne ya dace da kandamin gida da akwatin kifi?

Hajiya, kin tambaya wanne za ki saka a ƙaramin kandamin siminti da kika gina a tsakar gida, da kuma akwatin gilashin kifayen ado na falo. Dukansu suna da juriya, amma halinsu ya sha bamban.

Kainuwa dashen Allah ce, ba ta neman ƙasa. A saman ruwa take yawo, saiwarta na lilo a ƙasa tana zuƙe dattin da kashin kifi ke bari, don haka gansakuka ba ta samun abinci sosai. 'Ya'yan kifi kuma suna fakewa cikin saiwar. Matsalarta yaɗo. Uwa ɗaya takan miƙa hannu ta fitar da 'ya'ya, cikin 'yan makonni na zafi sai ki ga ta rufe fuskar ruwa ruf, haske ba ya shiga, iska ta ragu, kifi su riƙa tasowa suna haki da asuba. Akwai ma wani nau'in sauro da tsutsarsa ke maƙale wa saiwarta tana shaƙar iska. Tsananin yaɗonta ne ya sa Tarayyar Turai ta hana sayar da ita daga 2024.

Bado kuwa sai da taɓo. Ki dasa tushensa a kwando da laka, ki rufe da tsakuwa don kada tarwaɗa ta tone shi, ki nutsar kamar rabin mita. Yana son rana aƙalla awa 6 da ruwa mai kwanciya, nesa da famfon feshi. Yana jinkirin kamawa, amma in ya kama ya zauna inda kika sa shi. Farin furensa da dare yake buɗewa, ya rufe da hantsi, abin da ni ba na gajiya da kallo.

A kandami bado nake ba ki shawara, ba tare da shakka ba. A akwatin gilashi, in mai murfi ne kada ki saka kainuwa, domin raɓar da ke ɗiga daga murfin tana ruɓar da ganyenta. Bado mai jan ganye yana yi a nan, sai dai ki riƙa yanke ganyen da ya doshi sama.

In har kin saka kainuwar, ki kwashe rabi duk mako. Abin da kika kwashe ki shanya ya bushe ya zama taki, kada ya shiga kwata ko rafi.