Sharhi a Kan Mai Horar da Karnuka da Ya Yi Mana Aiki a Kumasi

Tun da muka taso daga Aboabo muka koma sabon gida a gefen Asokore Mampong, inda gidaje suke nesa da juna kuma dare yake da tsawo idan an ɗauke wuta, muka ga cewa ba makawa sai mun ajiye karen gadi. Wanda muka samu ruwa biyu ne, uban jinsin Jamus, uwar kuma 'yar gida, yara suka sa masa suna Duna. Kafin ya cika shekara ya zama abin tsoro ga mutanen gidan fiye da ɓarawo, domin yana yi wa kowane baƙo haushi ba kakkautawa, yana daka tsalle a jikin wanda ya yi shirin masallaci, sannan ya taɓa yaga wa mai kawo mana ruwa wando. A nan ne wani maƙwabci ya haɗa ni da mai horarwar da zan yi magana a kansa, wani Ba'asante mai sanyin murya da ke zuwa gida ya yi aikinsa a tsakar gidanka.

Abu na farko da ya nema shi ne katin rigakafin ciwon haukan kare, kuma ya ce ba zai taɓa karen da ba shi da shi ba. Wannan ya ƙara masa daraja a idona, saboda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutane wajen 59,000 a kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare take fitowa. Bayan haka bai kula karen ba sai da ya gama yi mana tambayoyi: wa ke ba shi abinci, ina yake wuni, wa ke dukansa. Da ya ji cewa Duna yana wuni a keji daga asuba har bayan Isha'i, kamar yadda akasarin masu karnuka suke yi a garin nan don wai ya ƙara zafi, sai ya ce min: "Alhaji, wannan kare ba mugu ba ne, tsoro da ƙunci ne suke damunsa, kuma kare mai tsoro ba ya bambanta ɓarawo da jikanka."

Hanyarsa ta lada ce, babu bulala, babu sarƙa mai shaƙe wuya, babu tsawa. Yana yanka dafaffiyar hanta ƙanana ya zuba a jakar da ke ƙugunsa, kuma duk lokacin da karen ya yi abin da ake so, sai ya ce "yauwa" nan take ya miƙa masa yanka ɗaya. Ya nace a kan cewa ladan ya zo cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, domin idan aka jinkirta, karen zai ɗauka cewa abin da ya yi daga baya ne aka yaba. Haka nan horo ba ya wuce minti biyar zuwa goma a zama ɗaya, sai dai a maimaita shi a wuni. Da abin ya zauna, sai ya riƙa rage hantar, wani lokaci yabo kawai, wani lokaci wasa da igiya, har karen ya daina jiran ganin nama kafin ya zauna ko ya kwanta ko ya zo idan an kira shi.

Ƙanena bai yarda da wannan ba, yana mai cewa kare ba ya jin magana sai ya san wane ne shugaba. Mai horarwar ya ba shi amsa cewa wannan tsohon ra'ayi ne, kuma da na bincika na tarar da gaskiyarsa. Batun "shugaban garke", wato ra'ayin cewa kare kamar kyarkeci yake, sai wanda ya fi ƙarfinsa yake bi, ya samo asali ne daga nazarin da Rudolf Schenkel ya wallafa a 1947 a kan kyarketai da aka tsare a gidan namun daji na Basel a Switzerland, kuma masanin kyarketai na Amurka David Mech, wanda ya taimaka wajen yaɗa ra'ayin, ya dawo a 1999 ya bayyana cewa garken kyarketai a daji iyali ne kawai na iyaye da 'ya'yansu. Ni dai abin da ya fi gamsar da ni ba ya cikin littattafan Turawa, domin aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta ambaci dabbobin farauta da ake koya musu, wato kakanninmu sun san cewa kare abin koyarwa ne tun kafin a yi wannan muhawara.

Inda na fi yaba masa shi ne yadda ya fahimci gidan Musulmi ba tare da an yi ta dogon bayani ba. Ko da yake a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai ba a ɗaukar jikin kare a matsayin najasa, akwai masu shigowa gidan da suke bin wani ra'ayi game da yawunsa, kuma Hajiya ba ta son ganinsa kusa da madafa ko shimfiɗar salla. Sai ya ajiye wani faffaɗan katako a inuwa kusa da ƙofa ya koya wa Duna cewa nan ne wurinsa. Yanzu idan aka yi sallama, yana yin haushi sau biyu ko uku don ya sanar, a ce masa "wurinka", ya je ya kwanta har baƙo ya wuce. Tsallen da yake yi a jikin mutane kuwa, maganinsa ya kasance a hannunmu: kowa ya juya masa baya ya yi shiru, ba a kallonsa sai ƙafafunsa huɗu sun sauka ƙasa. Wannan ya fi kowane darasi wahala, ba don karen ba, sai don yara da ke ihu suna gudu, abin da shi kuma yake ɗauka wasa ne. Gaskiyar magana, rabin kuɗin da na biya na horar da mutanen gida ne.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Kuɗinsa yana da yawa ga mai matsakaicin ƙarfi, ga kuɗin mota daban a kowane zuwa, sannan ba ya cika alkawarin lokaci, kullum cunkoson Anloga Junction ne uzurinsa. Ba ya barin komai a rubuce, alhali darasin da aka yi da baki yana zubewa kafin mako ya zagayo, don haka ɗiyata ta riƙa ɗaukar bidiyo da waya. Ya kuma ƙi koya wa karen kai farmaki, yana cewa gida mai ƙananan yara da 'yan makarantar allo masu wucewa ta ƙofa ba ya bukatar kare mai cizo, haushinsa da girmansa sun isa. A wannan ina tare da shi, amma wanda yake neman irin karen da kamfanonin tsaro suke amfani da shi ya nemi wani.

Ba kome ne ya gyaru ba. Duna har yanzu yana firgita da tsawar damina, kuma idan ya ga kaza hankalinsa yana gushewa. Mai horarwar ya faɗa tun farko cewa makonnin da ɗan kare ya fi saurin sabawa da mutane da dabbobi, daga kamar mako 3 zuwa 14 da haihuwa, sun wuce mana, saboda haka aikin zai ɗauki lokaci. A yanzu muna fita da shi da igiya bayan sallar Asuba, kafin kwalta ta yi zafin da zai ƙone masa tafin ƙafa, mu tsaya nesa da tumakin maƙwabta ana ba shi lada muddin ya natsu, kowane mako muna ɗan matsawa kusa, domin muna so ya saba kafin a ɗaure ragon Layya a tsakar gida.