Kafin ka sayi kayan ɗaukar samfur da na gano ƙwayoyin cuta

Idan za a yi wa ɗakin gwaje-gwaje sayayya, hankalin kowa yakan tafi kan babban inji, sai a bar tsinken shafa da kwalbar fitsari ga duk dillalin da ya fi sauƙin farashi. Alhali mafi yawan sakamakon da ke fitowa ba daidai ba, tun a wurin ɗauka ko a kan hanya ya lalace, kuma babu injin da zai dawo da ƙwayar da ta mutu kafin ta iso. Shi ya sa muke fara sayayya da tambaya biyu: wane gwaji za a yi wa samfurin, kuma awa nawa zai yi kafin ya shiga hannun mai gwaji? Amsarsu ce ke zaɓar kayan.

Tsinken shafa da ruwan da ake ajiye shi

Tsinken auduga mai sandar katako shi ne mafi araha, kuma yana da wurinsa: shafa ciwo don a duba a madubin gwaji nan take. Daga nan aikinsa ya ƙare. Audugar tana ɗauke da maiƙon da ke kashe ƙwayoyi masu rauni irin ta ciwon sanyi, katakon kuma yana hana gwajin PCR, mai neman ƙwayar halittar ƙwayar cuta (DNA ko RNA), tafiya daidai. Haka ma mai kan kalsiyom aljinet, ba a amfani da shi a PCR ko a neman bairus. Idan gwajin na ƙwayar halitta ne, sai mai kan poliyesta ko nailan, da sandar roba.

Tsakanin waɗannan biyun ma akwai bambanci. Mai naɗaɗɗen zare, na reyon ko poliyesta, yana tsotse samfurin ya riƙe shi a cikinsa, kaɗan yake saki. Mai gashin nailan da aka dasa a tsaye, wanda kamfanin Copan na Italiya ya yi suna da shi, yana riƙe ruwan a waje tsakanin gashin, da an tsoma shi a ruwa sai ya saki kusan duka. Irinsa da ake kira ESwab yana zuwa da mililita 1 na ruwan Amies, don haka shafa ɗaya za ta isa a yi tabon Gram, wato rina samfur don dubawa a madubin gwaji, a raina ƙwayoyin su tsiro a faranti uku ko huɗu, a kuma bar saura don PCR. Ya fi tsada a kan kowane ɗaya, amma inda ake ɗaukar tsinke biyu ko uku daga majiyyaci guda, lissafin yana iya juyawa. A duba kuma inda sandar ke karyewa: dole tsawon ya dace da bututun, in ba haka ba murfin ba zai rufu ba, ruwan ya zube a hanya.

Ruwan ajiya ba ya ciyar da ƙwayoyin cuta, aikinsa ya riƙe su da rai ba tare da sun hayayyafa ba. Amies, wanda aka fitar a 1967 a matsayin gyara ga na Stuart, shi ne na yau da kullum don ciwo, maƙogwaro da al'aura. Mai gawayi a ciki ya fi kare ƙwayar ciwon sanyi, sai dai baƙin gawayin yana dagula karatun Gram. Bayan gida kuwa Cary-Blair ake saya, wanda ya fito a 1964. Ba shi da tsami, shi ya sa ƙwayar kwalara da Shigella da Salmonella ke jurewa a cikinsa. Ruwan ajiyar bairus akwai magungunan kashe bakteriya a cikinsa, saboda haka duk wanda ya sa tsinken da za a raina bakteriya a ciki ya kashe abin da yake nema da hannunsa. Ana riƙe shi a digiri 2 zuwa 8 har awa 72, in zai wuce haka sai digiri 70 ƙasa da sifili.

Akwai wani nau'i da ke kashe ƙwayar nan take ya adana ƙwayar halittarta, irin PrimeStore MTM. Yana da amfani sosai inda babu tabbacin sanyi a hanya, kuma yana rage haɗari ga mai ɗauka. Abu biyu ne sharaɗinsa: ba za a iya raina komai daga cikinsa ba, kuma sinadarin guwanidin tayosayanet da ke ciki yana fitar da gubar sayanayid idan ya haɗu da bilic, wato ruwan wanki mai kulorin. Ɗakin da ke wanke injinsa ko teburinsa da bilic ya san wannan kafin ya yi oda.

Kwalbar rainon jini

Nan ne ya fi cancantar a tsaya, don nan kuskure ya fi tsada ga majiyyaci. A jinin babba mai zazzaɓin da ya shiga jini, ƙwayoyin suna iya zama ƙasa da guda ɗaya a kowace mililita. Yawan jinin da aka zuba shi ne babban abin da ke sa a samu ko a rasa. Kwalbar manya tana buƙatar mililita 8 zuwa 10, ana cika kwalba biyu a ɗiba ɗaya, ta masu son iska da ta marasa son iska, sannan a maimaita daga wata jijiyar. Wanda ya sayi kwalba ɗaya ga kowane majiyyaci don tsimi, ya kuma zuba mililita 3, ya biya kuɗin gwajin da ba zai ba shi amsa ba. Yara suna da tasu kwalbar mai ɗaukar jini kaɗan, gwargwadon nauyin yaro.

Kwalbar hannu da ake duba ta da ido, har da mai ɓangare biyu wato ruwa da aga (daskararren abincin rainon ƙwayoyi) a gefe, ba ta buƙatar komai sai na'urar ɗumama a digiri 35 zuwa 37, da mutumin da zai duba ta kullum har kwana 7. A tabbata jinin ya zama kashi ɗaya cikin biyar zuwa goma na ruwan ciki, kuma akwai sinadarin SPS mai hana jini daskarewa. Injuna kuwa, BACTEC na kamfanin BD da BacT/ALERT na bioMérieux suna auna iskar kabon da ƙwayoyin ke fitarwa, ɗaya ta hanyar ƙyalli, ɗaya ta canjin launi a gindin kwalba, suna karantawa kusan kowane minti 10 har kwana 5. Sun fi sauri nesa ba kusa ba. Amma kwalbar wani ba ta shiga injin wani, don haka sayen inji ɗaure kai ne ga kwalaben kamfani ɗaya na shekaru. Kafin a sa hannu a tambayi wa'adin lalacewar kwalaben da kuma ko za su riƙa zuwa ba yankewa. Inda yawancin majiyyata ke zuwa sun riga sun sha maganin kashe ƙwayoyin cuta, a zaɓi kwalba mai ƙwallayen resin da ke tsotse maganin.

Gurɓacewa da ƙwayoyin fata ita ce ɗaya matsalar. Ma'aunin da aka saba da shi shi ne kada ta wuce kashi 3 cikin 100 na kwalabe. An ƙirƙiro na'urori irin Steripath da Kurin da ke karkatar da jinin farko, wanda ke tafe da ɓarɓashin fata, zuwa wani ɗan aljihu kafin sauran ya shiga kwalba. Suna aiki. Sai dai a ganinmu bai kamata a saye su ba kafin a gyara abin da ba ya cin kuɗi: a goge fata da kulohezidin mai barasa a bar shi ya bushe daƙiƙa 30, ko aidin a jira kusan minti 2, kada a sake taɓa jijiyar da yatsa, a goge murfin kwalba da barasa mai kashi 70. Da allura mai fiffike a fara cika ta masu son iska, saboda iskar da ke cikin siririn bututun. Kwalbar jini ba ta shiga firiji. Ruwan laka da ake ɗauka don sanƙarau ma haka, sanyi yana kashe ƙwayarsa.

Fitsari, kaki da ruwan sha

Fitsari a kwalba mara komai yana buƙatar a raina shi cikin awa 2, ko a sa a firiji har awa 24. In ya wuce haka a ɗumi, 'yan ƙwayoyin da suka faɗo daga fata za su ninka har su kai 100,000 a mililita, a rubuta wa mai lafiya magani. Kwalba mai garin borik tana tsayar da hayayyafar har kwana biyu ba tare da firiji ba, amma sai an cika ta zuwa layin da aka zana, don idan fitsarin ya yi kaɗan garin zai yi ƙarfi ya kashe ƙwayoyin. Ga jarirai da masu fitsari kaɗan a sayi ƙaramar kwalbar.

Ta kaki ba ta da wani sirri: faffaɗan baki, murfi mai murɗawa, jiki mai nuna abin da ke ciki. A cika ɗaya da ruwa a kife a matsa, in ta ɗiga a mayar wa dillali.

Ruwan famfo da aka sa wa kulorin yana buƙatar kwalba ko jakar Whirl-Pak mai sodiyom tayosalfet a ciki, in ba haka ba kulorin zai ci gaba da kashe ƙwayoyin a hanya, ruwa mai datti ya fito tas a takarda. Ana ɗaukar mililita 100, a riƙe a sanyi, a gwada cikin awa 6 in da hali, kada dai ya wuce 24. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kada a sami E. coli ko ɗaya a mililita 100. Garin gwajin ruwa na Colilert ya fi sauƙi: a zuba garin, a ɗumama awa 24 a digiri 35, rawaya na nufin akwai kolifom, dangin ƙwayoyin da ke nuna ruwa ya gurɓata, ƙyalli a ƙarƙashin fitilar UV na nufin E. coli. Tacewa ta matata mai ramin maikuron 0.45 ta fi araha idan samfura suna da yawa, amma ruwa mai laka yana toshe ta.

Hanyar ganowa

Madubin gwaji har yanzu shi ne mafi saurin ba da amsar farko, sai dai a tarin fuka tabon Ziehl-Neelsen yana buƙatar ƙwayoyi 5,000 zuwa 10,000 a mililita kafin a gan su. Injin GeneXpert, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2010, yana gano ƙwayar da kuma bijirewarta ga maganin rifamfisin cikin ƙasa da awa 2. Yana son wuta mara yankewa, ɗaki da bai wuce digiri 30 ba, kwanson da ake zuba samfur a ciki kuma a ajiye tsakanin digiri 2 da 28. Ƙura da zafi ne ke kashe sassansa. Truenat na kamfanin Molbio na Indiya, da aka amince da shi a 2020, yana aiki da batir kuma yana jure zafi har digiri 40, amma akwai aikin hannu tsakanin matakansa biyu, wato sai an horar da mai ɗiga samfurin.

Duk gwajin ƙwayar halitta yana da iyaka biyu: abin da aka tsara shi ya nema kaɗai yake gani, kuma ba ya bambanta matacciyar ƙwaya da rayayyiya. Wanda ke son sanin wane magani zai yi aiki a kan ciwon fitsari ko na jini, ba makawa sai raino. Farantin da aka zuba daga kamfani yana da inganci iri ɗaya amma wa'adinsa gajere ne kuma yana cin wurin firiji. Garin aga yana daɗewa, sai dai yana buƙatar tukunyar turara kaya a digiri 121 na minti 15, ruwa mai tsabta, da hannun da ya iya zuba Mueller-Hinton, agan da ake gwada ƙarfin magani a kansa, a kaurin milimita 4 daidai. In ya fi haka kauri, da'irar da maganin ke hana ƙwaya tsirowa a cikinta za ta ƙanƙance a ce ƙwayar ta bijire. Don sanin sunan ƙwaya, zirin API 20E mai gwaji 20 yana ba da amsa cikin awa 18 zuwa 24 kuma ya ishi ƙaramin ɗaki. Injin MALDI-TOF yana yi cikin mintuna daga tsiro ɗaya, amma sai ɗakin da ke da aiki mai yawa a kullum zai iya ɗaukar nauyin kula da shi.

Masu sarrafa abinci suna yawan sayen na'urar ATP suna zaton tana ƙirga ƙwayoyin cuta. Ragowar abinci da datti take aunawa, cikin kusan daƙiƙa 15, kuma ta dace a duba ko wanki ya fita. Ƙirga ƙwayoyi aikin farantin da ake dannawa a kan wurin ne ko takardar Petrifilm, kuma farantin ya ƙunshi lesitin da Tween 80 don su karya ƙarfin maganin da aka goge wurin da shi.

Abin dubawa a jikin kwali

Alamar STERILE EO na nufin an kashe ƙwayoyin da iskar etilin oksayid, STERILE R kuma da haske mai ratsawa. Kwalba mai tsabta da ba ta da alamar STERILE ba ta dace da raino ba. Kuma kayan da babu ƙwaya mai rai a jikinsu suna iya ɗauke da ragowar ƙwayar halitta, don haka na PCR sai an rubuta ƙarara cewa babu DNA, babu kuma DNase da RNase, sinadaran da ke lalata ƙwayar halitta. Ga tsinke da ruwan ajiya, a nemi takardar da ke nuna sun cika ma'aunin ingancin kayan ajiyar samfur na CLSI M40. In samfur zai yi tafiya, a haɗa da marufi mai hawa uku na UN3373: bututu, abin tsotse ruwa cikin mazubi na biyu, sai kwali mai ƙarfi.

Kafin babbar oda, a karɓi kwali ɗaya a gwada. A tsoma tsinke uku a ruwan E. coli ATCC 25922 ko S. aureus ATCC 25923, sanannun ƙwayoyin da ake gwada inganci da su, da aka tsinka daga ma'aunin yawan ƙwayoyi na McFarland 0.5, a raina ɗaya nan take, ɗaya bayan awa 24, ɗaya bayan 48, a irin zafin da samfuran za su fuskanta a zahiri. Na huɗu a raina shi kai tsaye daga leda ba a tsoma shi a komai ba. In wani abu ya tsiro a farantinsa, a rubuta lambar rukunin a mayar da kayan.