Gargaɗi kan hodar da ake cewa tana tayar da mataccen batir

Jama'a, a yi hattara da masu tallan wata hoda, wani lokaci ruwa a 'yar kwalba, da suke cewa in an zuba a mataccen batirin mota ko na sola zai dawo sabo fil. Tallan ya cika Facebook da TikTok. Damfara ce tsagwaronta, kuma masu sola ta fi cuta, don su ne suka zuba kuɗi masu yawa a batir suke neman abin da zai ƙara masa kwana.

Batir mai bolt 12 ɗakuna 6 gare shi, kowanne da farantan dalma a nutse cikin asid. A jikin kowane faranti akwai raga ta dalma, ita ke riƙe sinadarin da ke ajiye wuta, ta cikinta kuma wutar ke bi. Yau da gobe asid yana cin ragar ɓangaren da ke da alamar +, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Sai ta kumbura, ta tsattsage, sinadarin ya riƙa zuba yana taruwa a gindin ɗakin har ya haɗa faranti da faranti. Zafi da cajin da ya wuce kima suna ƙara wa wannan ci sauri. To, dalmar da asid ya riga ya cinye, wace hoda ce za ta sake ƙera ta?

Akwai kuma batirin da aka bari ba caji har farin gishiri ya daskare a farantansa. In abin bai yi nisa ba, caji a hankali na tsawon lokaci kan ɗan farfaɗo da shi, amma aikin caja ne wannan.

Ku lura da bidiyon nasu da kyau. Kafin a zuba hodar, za ku ga an goge kawunan batirin tas, an kankare farin garin nan mai ratsin shuɗi da ke taruwa a kansu. Sau da yawa wannan garin ne kaɗai ya hana mota tashi. Sai a zuba hoda, a jona caja, a cire, nan take a ɗora mita ta nuna bolt 13 da ɗoriya, a hau kabbara. Batirin da aka cire daga caja yanzu, ko ya kusa mutuwa, zai iya nuna haka. Ba za su taɓa barinsa ya kwana sannan su ɗora masa kaya, wato su jona masa abin da ke jan wuta, a gaban kyamara ba, domin a nan asiri zai tonu.

Wannan cuta ta tsufa. A Amurka wani ɗan kasuwa, Jess Ritchie, ya sayar da irin wannan hoda da sunan AD-X2. Hukumar gwaji da ma'auni ta ƙasar ta gwada ta, ta ce gishirin Epsom ne, irin wanda ake samu a kantin magani, da wani gishirin ɗan'uwansa, kuma ba ta tsinana wa batir komai. Ritchie ya kai kuka wajen 'yan siyasa, har a 1953 sakataren kasuwanci Sinclair Weeks ya tilasta wa shugaban hukumar, Allen Astin, ajiye aiki. Masana kimiyya suka yi ca, aka mayar da shi kujerarsa, kwamitin da ya sake duba lamarin kuma ya ce hukumar ce ke da gaskiya. Abin da ke ci mini rai shi ne yau ana sayar wa talaka wannan gishirin a sabuwar leda.

Bayan asarar kuɗi akwai haɗari. Asid na ƙona fata, yana makantar da ido, kuma batir na fitar da iskar haidurojin lokacin caji, tartsatsi ɗaya ya isa ya fasa shi. Rufaffen batir na jel ba a yi shi don a ɓalle ba, na litiyam kuwa huda shi gobara ce.

In batirinka ya raunana, wanke kawunansa da bekin soda da ruwa, ka ɗaure su tamau, ka shafa giris. In mai murfi ne kuma ruwansa ya ja, tataccen ruwan batir, wato distilled water, kawai za ka ƙara. Cika shi da caji, ka bar shi ya kwana: lafiyayye zai tsaya wajen bolt 12.6. Daga nan kai wa mai na'urar gwaji ya ɗora masa kaya. In ya faɗi, canza shi, tsohon kuma ka miƙa wa masu karɓa don sake narka dalmar, kada a zubar da asid ɗinsa a ƙasa.