Mai gyaran da ya dawo min da muryata a mita 20

Wata biyu ina fama wallahi, duk wanda na kira da rediyona ta 'yan sha'awar sadarwa (amateur radio) a zangon mita 20, wato 14 MHz, sai ya ce sigina ta zo da ƙarfi amma magana ba ta fita, wani ɗan Italiya ma ya ce kamar ina magana daga cikin tukunya. Ni kuma da na ji haka sai in ƙara murɗa ƙarfin makirfo, ashe ƙara ɓata abun nake yi.

Wani abokina ɗan 5N (lambar da sunan kiran masu irin wannan rediyo a Najeriya ke farawa da ita) ne ya tura ni wajen wani dattijo mai gyara a Sabon Garin Kano, shagon ɗan ƙarami, ko wajen zama babu sai benci. Abun da ya fara burge ni bai taɓa sukurudireba ba tukuna. Ya cire eriya ya jona lodin gwaji mai ohm 50, wato abin da ke maye gurbin eriya lokacin gwaji, ya kunna wata rediyon a gefe ya ce "Malam danna ka yi magana ka ji kanka". Na ji kunya, murya duk ta farfashe, allurar ALC, mai nuna yadda rediyo ke danne sigina in ta yi yawa, ta tafi can ƙarshe ta maƙale. Ya rage ƙarfin makirfon zuwa wajen rabi ya kashe komfuresa mai matse murya don ta ƙara ƙarfi, nan take rabin ciwon ya tafi.

Sauran rabin fa, da ya sa mita a kan na'urar wutata, ina danna PTT, wato maɓallin magana, sai bolt 13.8 ta faɗo ƙasa da 12, ya ce rediyo mai wat 100 kan ja wajen amfiya 20 in kana magana, wannan siririyar wayar da na saka ba za ta iya ba. Ya canja mai kauri. Sannan ya buɗe makirfon, ƙurar hunturu ta cika ragar, garkuwar wayar kuma ta tsinke daidai bakin fulogi shi ya sa RF, wato siginar da rediyon ke fitarwa, ke komawa ciki, ya yi mata dalma ya naɗa igiyar a zoben ferayit mai tare RF ɗin.

Inda ban ji daɗi ba, ya ce in dawo bayan La'asar sai da na yi sawu uku, in Nepa ta ɗauke kuma aiki ya tsaya don ba ya yarda ya gwada da janareto. Rasit ma babu. Kuɗin dai bai kai na sabon makirfo ba, ban ma yi ciniki ba. Daren ranar na samu wani a Jamus, da kansa ya tambaye ni wane makirfo nake amfani da shi.