Fire TV Stick ko akwatin Android mai araha?

Dukansu biyun na'urorin kallon fim ne da ake jonawa a ramin HDMI na talabijin, kuma kowanne zai iya ba ka hoto tangaran na 1080p. Bambancin yana ga inda fim ɗinka yake fitowa.

Idan ta intanet kake kallo, ni dai Fire TV Stick na Amazon zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Tsawonsa bai fi yatsa da yawa ba, yana ɓuya a bayan talabijin, kuma Netflix ya amince da shi, don haka hoton yana zuwa da cikakken ƙarfinsa. A nan ne galibin akwatunan Android marasa suna ke ba mutum kunya. Za ka ga an rubuta 4K ɓaro-ɓaro a jikin kwali, amma ba su da izinin tsaro na Widevine L1, wanda Netflix ke buƙata kafin ya ba da hoto tangaran, sai Netflix ya rage hoton zuwa kusan 480p. Fuska ta yi dishi-dishi, rubutun ƙasa ya dusashe. Abin yana ci mini rai, domin mai saye bai san an yi masa haka ba sai ya kai gida.

To amma idan finafinanka na kan filashi ne, labari ya sha bamban. Akwatin yana da ramukan USB, wasu har da na katin ajiya da na wayar intanet. Ka cusa filashi, ka buɗe manhajar kallon bidiyo ta VLC ko Kodi, shi ke nan. Shi Fire TV Stick rami ɗaya tal gare shi, na caji, sai ka nemo ƙaramar wayar OTG mai ƙara masa ramin USB kafin ya karanta filashi.

Kafin ka biya kuɗin akwati, tabbatar yana karanta nau'in bidiyon da ake kira H.265, kuma ƙwaƙwalwarsa ta aiki, wato RAM, ta kai gigabait 2.