Ɗauki na Brazil tukuna, na Habasha ya jira

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tsakanin kofin Brazil da na Habasha da ka ce kana ta shawara a kansu don sabon injin esfiresonka, wato injin da ke tura ruwan zafi da ƙarfi ta cikin garin kofi, ɗauki na Brazil. Duka biyun sun kwana a kicin ɗina a nan Agege, amma ɗaya ne kawai nake komawa in saya duk wata.

Ka nemi wanda aka rubuta Cerrado ko Sul de Minas a jikin ledar, duka yankuna ne a jihar Minas Gerais. Suyar ta zama matsakaiciya, launin ƙasa-ƙasa, ba baƙi ƙirin mai maiƙo ba. Yawancin manoman can suna shanya kofin ne da ɓawonsa har ya bushe, shi ya sa zaƙin 'ya'yan ke shiga ƙwayar. A baki za ka ji kamar cakulan da soyayyar gyaɗa, da ɗan zaƙi irin na mazarƙwaila a ƙarshe, tsaminsa kuma kaɗan ne.

Ranar da na fara buɗe shi ba zan manta ba. Wata Asabar ce bayan sallar asuba, ana ta ruwan sama irin na watan Yuni, Yayana ya zo daga Kano kan harkar kasuwa ya kwana wurina. Mutumin shayi ne, ko da wasa ba ya kusantar kofi, cewa yake ɗaci ne zalla. A lokacin ban gama gane saitin injin niƙa ba, garin ya yi tsaki-tsaki, kofin ya zubo da gudu cikin sakan 20. Duk da haka ya fito da kauri, da kumfarsa a sama. Na ɗumama madara na haɗa masa. Ya kurɓa, ya yi shiru, sannan ya ce ƙamshin ya tuna masa da gyaɗar da Innarmu ke soyawa da yashi a tsakar gida. Kafin ruwa ya ɗauke sai da ya sha kofi biyu.

Abin da ya sa nake dagewa ke nan: kofin Brazil yana da haƙuri. Duk wanda ya fara esfireso sai ya yi kuskure, niƙa ta yi laushi yau, gobe ta yi tsaki, danna garin a mariƙin injin ya karkace. Wannan kofin ko ka kauce kaɗan zai shawu. Kuma ka yi lissafi: leda mai giram 250, idan kana auna giram 18 kowane zubi, zubi 13 ne da ɗan saura. Idan biyar ko shida suka tafi wurin neman saiti, kusan rabin kuɗinka ya bi magudana.

Na Habasha kuwa, na yankin Yirgacheffe na saya, wankakke, wato an cire ɓawonsa an wanke kafin a shanya, mai suya sama-sama. Ƙamshinsa kamar furanni da lemun tsami, ba zan ci amanarsa ba, kofi ne mai daraja. Amma a injin gida tsami ya riƙa ba ni har haƙora su mutu, da madara kuma abin ya fi muni. A tsaunuka masu tsayi sosai yake fitowa, ƙwayarsa na da tauri, suyar kuma ba ta yi nisa ba, don haka yana buƙatar niƙa mai laushi ƙwarai da ruwa mai zafi wanda ba ya sauka. Ƙananan injinanmu ba su cika riƙe zafi ba, balle ranar da wuta ta zo ba ƙarfi ko kana kan janareto. Sauran ledar a ɗan mataci na riƙa tsiyaya shi, a nan ne ya yi daɗi. Bar shi sai hannunka ya faɗa.

Idan na Brazil ya zo, fara da giram 18 na gari, ka tsayar da injin idan abin da ya zubo ya kai giram 36, cikin sakan 25 zuwa 30. Ka sayi ƙaramin sikeli, awon cokali ba ya aiki a nan. Ka ji tsami ko ya zubo da sauri, ƙara laushin niƙa. Ka ji ɗaci da bauri yana ɗiga da ƙyar, sassauta. Abu ɗaya za ka riƙa canjawa a kowane zubi, in ba haka ba ba za ka san me ya gyara ba. Ka kuma bar injin ya yi zafi kamar minti 15 da mariƙin garin kofin a jikinsa kafin ka fara.

Ba ka tambaya ba, amma dole in faɗa maka, domin an taɓa cutata. Akwai masu talla a Instagram da WhatsApp da ke liƙa sunan ƙasa a leda alhali abin da ke ciki gauraye ne da robusta, wani nau'in kofi mai arha, ba arabika zalla ba, nau'in da ya fi daraja. Wani ya taɓa aiko min da irin wannan ta hannun ɗan aike, na buɗe na tarar ƙwayoyin ƙanana da manya, baƙaƙe, suna warin ƙonanniyar roba. Ƙwayar arabika doguwa ce, tsagar tsakiyarta a lanƙwashe. Ta robusta ta fi zagaye, tsagarta a miƙe. Kada ka sayi ledar da ba a rubuta ranar suya ba. Ranar lalacewa kaɗai ba ta gaya maka komai. Wanda aka soya tsakanin mako ɗaya zuwa wata guda shi kake so. Kada ka yarda a niƙo maka, domin a cikin gari ake ɓoye haɗi, kuma ƙamshinsa na gudu da wuri. Duk wanda ya ce yana da Blue Mountain na Jamaika a farashin kofin yau da kullum, wuce shi kawai. Mai gaskiya zai faɗa maka yankin, da yadda aka shanya, da ranar da ya soya, ba tare da kwana-kwana ba.

In na Brazil ya yi wuyar samu, na Kolombiya mai matsakaiciyar suya zai iya tsaya maka, sai dai ya ɗan fi tsami. Namu na tsaunin Mambila a jihar Taraba shi ma arabika ne, in ka samu sabuwar suya ka gwada shi daga baya, ina son ganin muna sayen na gida.

Danshin Legas kuwa ba ya raga wa kofi. Sayi giram 250 kawai a farko, ka matse iskar ledar ka rufe ta ruf, ka ajiye a kabad nesa da murhu, kada ka sa a firij kusa da miya. Kafin ka tura kuɗi, turo min hoton ledar gaba da baya in duba maka.